Tambayar Da Na Kai Garin Kuza

Masu aiko min saƙo kuna tambayar ina na shige kwana goma sha biyu, duk na gani, Allah ya bar zumunci. Har da wadda ta rubuto wai ko an ɗaura ne a ɓoye don kar ku zo ku cinye mana shinkafa. 'Yar'uwa, ba a ɗaura komai ba. Tafiya na yi, kuma da na san abin da ke jirana a ƙarshenta, da na roƙi Allah motar ta lalace tun a tashar Maraɗi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zahara'u, shekarata ashirin da biyar. Ɗinki nake yi a zauren gidan Kawu Sule a nan Madarunfa, gidan da in ka taka turmi ka leƙa ta katanga kana hango tabki. Kawu Sule yayan mahaifiyata ne. Ita ta rasu ina jaririya, Babana ya bi ta ina ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, Kawu da matarsa Inna Hafsa suka riƙe ni. Abdoul Aziz kuwa shi ne mutumin da ya hana ni sakat shekara uku. Motar kaya yake ja tsakanin Ɗan Issa da Maraɗi. Dogo ne, baƙi, ga rowar magana kamar saye yake yi, amma duk Laraba sai ya tsaya ƙofar gidanmu da leda a hannu, ko lemu ko kilishi, ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Hanyar Ɗan Issa ba ta bi ta ƙofar gidanmu, ni da shi duk mun sani.

Saura kwana uku a sa mana rana. Na riga na ɗinka kala biyar na jera a akwati, har da shadda ruwan toka da na kwashe sati biyu ina yi wa aikin wuya da hannu, da leshi ruwan zuma wanda Inna Hafsa ta ce ya kama ni da yawa, na ce ai ba ita za ta sa ba. Ina kan keke da hantsi ina kafa zif, sai ga sallamar Hajiya Kulu, mahaifiyarsa. Ita da kanta, ba aike ba. Farin hijabi har ƙasa, carbi a hannu, ruwan da na kawo mata ko kallonsa ba ta yi ba. Na juya zan gudu ɗaki, ta ce, "Zamna, ɗiyata. Maganar taki ce."

Na rakuɓe gefen tabarma, Kawu na kan kujerarsa ta roba, Inna Hafsa ta bar wankin shinkafa ta matso.

"Sule, ba hwaɗa ya kawo ni ba," in ji Hajiya. "Yarinyar ga ina sonta har raina. Amma tun da na dawo Umra abu guda ya tsaya min a wuya. Ka san inda munka yi zama da marigayiya."

Wannan kowa ya sani. Babana Inusa da mahaifin Abdoul Aziz, marigayi Malam Sa'idu, tare suka bar ƙasar nan suna samari, suka tafi aikin kuza Elmiki, can cikin duwatsun Abzin, gaba da Agadas. Kamfanin ya rufe, su ba su dawo ba, suka ci gaba da haƙa da hannu. A can aka haifi Abdoul Aziz, a can aka haife ni bayan shekara huɗu, a can kabarin mahaifiyata Sadiya yake. Abin da ban taɓa ji ba shi ne wanda Hajiya ta faɗa bayan nan.

"Maza su haƙo, mu mata mu bakace. Kamar bakacen gero, sai dai ƙasa ce da tsakuwa, wuni guda cikin ƙura. Ba a shiga da goyo, ƙurar na kashe yaro. Sai mu aje jarirai ƙarƙashin wata aduwa, kullum mace guda mai shayarwa ta zamna da su. Wanda ya yi kuka ta ba shi nata. Yau ke, gobe ni. Shekarar da muka baro, ina goyon Farida, Sadiya na goyon Zahara'u." Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Na zamna ƙarƙashin aduwar nan ba sau ɗaya ba. Ko kina cikin waɗanda na ɗauka, wallahi na kasa tunawa."

Ba sai na yi muku karatu ba, duk wanda ya je islamiyya ya gane. In Hajiya ta taɓa ba ni nononta ko sau ɗaya, Abdoul Aziz ya zama yayana, aure ya haramta har abada. Abin da ya fito bakina kuma shirme ne, wai, "Hajiya, na fa gama ɗinki."

Aka kai maganar gaban Malam Abdurrahman, limamin unguwarmu. Ya ce shakka kaɗai ba ta haramta aure, amma tunda akwai inda za a tambaya, a tambaya, kar a gina gida kan zullumi. Hajiya ta ce mutum ɗaya ta sani da ba abin da ya wuce mata a zangon nan, ita ce Ɗelu, ungozomar da ta karɓi haihuwar yaran kuza duka, maƙwabciyar mahaifiyata. Abdoul Aziz ya bi direbobin albasa da tambaya har ya samu wanda ya ce tsohuwar na nan da ranta, amma ba ta da salula, garin ma rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau dutse. Kawunnansa suka ce sun ba da wata ɗaya, in ba amsa kowa ya kama gabansa.

A gida kuwa Inna Hafsa ta sa ni gaba. Ina shara tana bina, ina cin tuwo tana kaina.

"Maza sun ƙare ne? Ƙannenki biyu da na haifa na ɗakunansu, ke kina nan kina taka keke. Ki haƙura da shi tun mutane ba su fara cewa mun so aurar da wa da ƙanwa ba."

"Inna, ai ba a tabbatar ba."

"In anka tabbatar hwa? Da wane ido za ki dubi garin ga?"

Na ce da wannan idon dai da nake zare allura. Ta jefe ni da murfin kwano, ta kuskure. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na sani. Ni ma shi ke cina, sai dai nawa ta baki yake fita.

Abdoul Aziz ya so ya je da kansa, Hajiya ta hana. Ta ce zai je ya tsaya gaban tsohuwa da wannan fuskar tasa ta tausayi, ta faɗa masa abin da yake son ji. Aka tsayar Kawu ne zai je, ya ɗauko muryarta a salula Hajiya ta ji da kunnenta. Ta kuma kafa sharaɗi: kar a gaya wa Ɗelu batun aure ne, a yi tambayar kamar cikin hira. Ni kuma na ce ƙafata ƙafar Kawu. Kwana biyu ban ci abinci ba kafin ya yarda.

Ranar tafiya na sa doguwar riga baƙa marar ado da hijabi ruwan ƙasa, na ƙulle turmin atamfa ɗaya da sabulu da sukari na tsaraba. Muna cikin kar, babbar motar fasinja ta Damagaram, saƙonsa ya shigo.

"Kin ɗauki rigar sanyi? An ce can akwai sanyi."

"Na ɗauka."

"Ki ci abinci ko ba kya so."

"To."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "Ni dai na san ba ƙanwata ba ce ke. Da na ji a jikina."

Na kifa salular a cinya na juya fuska wajen taga don kar Kawu ya gani.

Kwana biyu muka yi kafin Agadas, ta Damagaram da Tanut, bayana kamar an daka. Muka ƙara biyu a tasha muna jiran motar da za ta shiga duwatsu. Daga ƙarshe muka samu motar kat-kat ta wani mai lambu da ya kawo albasa zai koma, aka ba ni gaba don ni kaɗai ce mace, Kawu ya hau baya kan tulin buhunan da ba komai ciki. Jandarma suka duba kart ɗinmu na ɗan ƙasa a bakin gari, ɗayan ya karanta inda aka haife ni ya ɗago ya ce, "Gida za ki ke nan."

Ku fahimce ni, ni 'yar Madarunfa ce. Tudun da na sani a rayuwata shi ne jujin bayan kasuwa. Sai ga ni tsakiyar duwatsu baƙaƙe ƙirin, wani kan wani, ko ciyawa babu, motar na hawa tana kuka tana gangarawa cikin yashin busasshen rafi. Jefi-jefi sai ka ga ɗan lambu kore shar a gindin dutse, raƙumi na jan guga, ka ɗauka an iso, sai a wuce a koma cikin baƙin dutse. Na yi amai sau biyu. Rezo ya ɗauke tun kafin azahar, na riƙa duba salula duk da na san ba komai. Muka kwana a wani ƙauye a hanya saboda taya ta fashe, da hantsi muka shiga Elmiki.

Tun ina yarinya in aka ce Elmiki, gari nake gani mai fitilu, don Babana ya sha ba ni labarin injin kuran mai ba da wutar lantarki da kantin kamfani da layin ma'aikata ranar biya. Abin da na tarar, gidaje ne na dutse a jere ba rufi, ƙofofi an ɓalle an tafi da su, awaki na kwance cikin ɗakunan. Wani ƙaton inji ya yi tsatsa ya nutse rabi cikin ƙasa, an shanya wanki a jikinsa. Ko'ina ramuka, da tsibin tsakuwa a bakin kowane rami. Akwai mutane, akwai masallaci, akwai 'yar kasuwa mai rumfa kamar shida, amma tsofaffi da mata sun fi yawa. Mai shayin da muka tambaya ya ce samarin duk sun tafi wurin zinariya. Na tsaya ina kallon wurin nan ina cewa a raina, a nan uwata ta yi amarci, a nan ta tari jini har ta mutu, ni kuma yau na zo roƙon wurin ya bar min mijina.

Gidan Ɗelu na ƙarshen gari, ɗaki ɗaya na dutse da rumfar tabarma. Muka same ta zaune tana tsinkar zogale a tire, 'yar ƙaramar tsohuwa, zane baƙi ya koɗe, kallabi ɗaure kamar na matan Gobir. Gefenta wata tsohuwa Ba'abziniya mai manyan 'yan kunne na azurfa tana saƙar tabarma. Kawu ya yi sallama ya fara bayanin ko shi wane ne. Ba ta saurare shi ba, ni take kallo.

"Sadiya," ta ce. Tiren ya zame daga cinyarta. "La ilaha illallahu. Ɗiyar Sadiya ce. Zahara'una ce!"

Ta kama fuskata da hannu biyu, tafinta kaushi kamar dutsen goge kaushi, tana shafa goshina tana kuka. Ni da na zo da tambaya ɗaya tak a baki, sai na tsinci kaina durƙushe na sa kai a cinyarta ina rusa nawa. Ba wanda ya taɓa kallona ya ga uwata sai ita.

Aka sha ruwa, aka yi gaisuwa, aka lissafa matattu. Kawu ya ciro salula ya ce yana son ya ɗauki muryarta 'yan gida su ji, ta gyara kallabi kamar hoto za a yi. Ya bi da ita ta nesa, labarin bakace, labarin aduwa, sannan ya sako ta.

"Wai Kulu matar Sa'idu, ita ma ta shayar da wagga ƙarƙashin itacen?"

Na ƙura wa bakinta ido.

"Kulu? A'a." Ta kaɗa hannu. "Wagga ba ta taɓa kwanciya ƙarƙashin aduwa ba. Tun da Sadiya ta haihu ƙirjinta ya hana ta bakace, sai ta koma saida ƙosai bakin ramu, ɗiyar na bayanta. Ko wata biyu ba ta cika ba su Kulu sunka tahi. Bayan nan ciwo ya kada Sadiya, nono ya ƙahe. Ni na shayar da ita, ni ɗaya, wata biyar, tare da autana, har ubanta ya ɗauke ta ya yi gida."

"Kin tabbata, Inna Ɗelu?"

"Ni na yanke mata cibi, Sule. Katangarmu guda. Kulu ko ɗaukarta ba ta cika yi ba, balle nono."

Tsohuwar Ba'abziniyar ta gyaɗa kai ta ce da Hausarta mai nauyi, haka ne, ita ma tana nan.

Wayyo jama'a. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rungume Ɗelu, na rungume maƙwabciyarta da ban ko san sunanta ba, Kawu na ta "Alhamdulillahi" yana share ido da hannun riga. Ɗelu na dariya tana tambayar mi ya hwaru, Kawu ya ce ba komai, murnar ganinta ce. Aka nuna mana inda ake samun rezo, wani tudu da tsohon tankin ruwan kamfani a kansa. Na riga Kawu hawa, da hijabina da silifas. Sanda ɗaya ta fito a salular, ta ɓace, ta dawo. Muka tura muryar, ta yi ta juyawa kamar ba za ta tafi ba, can ta tafi.

Na rubuta masa: "Babu. Ba ta shayar da ni ba. Ka ji da kunnenka."

Ko minti uku ba a yi ba: "Allahu Akbar." Sai wani: "Na tsaya gefen hanya." Sai wani: "Na juya, gida za ni wurin Hajiya. Ki sayo min cuku, amarya."

Amarya. Na karanta kalmar nan ta fi sau goma a kan tudun.

Da aka kira azahar Kawu ya ce zai yi salla, daga nan liman zai raka shi maƙabarta ya yi wa ƙanwarsa addu'a. Ni na koma wurin Ɗelu. Ta dama min fura da cukun awaki da dabino, irin ta mutanen can, ta zauna tana kallona ina sha kamar ta samu talabijin. Na ba ta tsarabarta, ta yafa atamfar a kafaɗa tana juyi, maƙwabciyar na yi mata tsiya. Raina fari tas. Har na buɗe baki zan gaya mata komai, tunda amsa ta riga ta tafi, sai ta riga ni.

"Kin ce kuna gari guda da su Kulu? Ina ɗana Abdu? Ya girma ko?"

"Ya girma, Inna. Mota yake ja." Na buɗe salula na nuna mata hotonsa na Sallah, shadda fara da hula zanna. Ta kai shi dab da ido.

"Kai, Sa'idu sak! Ɗan banza mai ci. Wanga ya tsotse ni har sai da na ga jiri."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ajiye ludayin a hankali.

"Ya tsotse ki kamar ƙaƙa, Inna?"

Suka dubi juna ita da maƙwabciyar suka fashe da dariya, irin ta tsofaffin da suka daɗe suna riƙe da wani abu.

"Ai yanzu Sa'idu ya mutu, ba wanda za a yi wa hwaɗa," in ji Ɗelu. "Yana wata bakwai zazzaɓi mai tsanani ya kama Kulu, anka kwashe ta zuwa likita Agadas, kwana arba'in. Lokacin ita amarya ce, matar mai awon kuza, ko bakace ba ta yi, hanci sama. Ana sa ta mota tana ce ma Sa'idu, a ba ɗanta nonon akuya, kul a kai shi wurin Ɗelu. Don ni ɗiyar mahauta ce, wai yaro na ɗaukar hali a nono. Ai ko ƙarƙashin aduwar ba su taɓa bari na zamna ba, haihuwarsu dai nika karɓa. To yaro ya ƙi akuya. Kwana biyu yana kuka har muryar ta dushe. Sa'idu ya kawo min shi cikin bargo, ya durƙusa nan inda kike, ya ce Ɗelu ki ruhwa min asiri. Ina goyon Usman lokacin. Na sa shi dama, Usman hagu, kwana arba'in cur. Kulu ta dawo ta tarar da ɗa ya yi ɓul-ɓul, tana ta shi ma akuya albarka."

Maƙwabciyar ta riƙe ciki don dariya. Ta ce akuyar ma tata ce, har tukuici Kulu ta ba ta. Ta ce zangon duka an sani, Kulu kaɗai aka ɓoye wa.

"Yana da tabon ƙuna a ƙahwar hagu, nan saman idon sawu," Ɗelu ta nuna a tata ƙafar. "A murhuna ya samo shi, yana koyon rarrahe."

Na san tabon. Na sha yi masa tsiya a kansa in ya tuɓe takalmi zai yi alwala a ƙofar gidanmu.

Ban yi ihu ba, ban faɗi ba. Ina zaune da ƙwaryar fura a cinya. Abin da aka koya mana a islamiyya yana dawo min tiryan-tiryan da muryar malamarmu: duk biyun da suka sha nonon mace ɗaya 'yan'uwa ne, ko shekara nawa ce tsakaninsu. Mun ɗauko tambaya tun daga Madarunfa, mun sha kwana biyar a hanya, duk a kan Hajiya Kulu. Ba wanda ya yi tunanin ya tambaya shi wa ya shayar da shi.

"Kin ga ikon Allah," Ɗelu ke cewa, tana share hawayen dariya da gefen sabuwar atamfar. "Na haihi tara, uku sunka rayu, duk sun tahi sun bar ni. Ashe ina da wasu biyu gari guda. Ke da shi nono guda kunka sha, ki riƙe shi da kyau, ɗan'uwanki ne na gaskiya. Ya yi aure?"

"Bai yi ba," na ce. Muryar kamar ba tawa ba.

"To ki tsaya mishi ya samu ta kirki. Ke ce ƙanwar ango."

Ta shiga ɗaki ta fito da cuku guda shida ta ƙulle a tsumma mai tsabta, ta ɗora min a hannu, ta ce in kai wa yayana, in ce uwarsa ta Elmiki na gaishe shi.

Na ce zan je in kira gida. Na fito.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda ban saba ba. Tsakanin gidan Ɗelu da tudun nan na shirya yadda zan yi shiru. Kawu bai ji ba. Muryar da ke hannun Hajiya ta wanke ni. Tsofaffin nan biyu ba za su taɓa barin duwatsun nan ba, ko salula ba su da ita, gobe da safe mota za ta ɗauke mu shi ke nan. Na ce a raina ni ban tambaya ba, ba da ni aka ƙulla ba, ina jaririya shi yana jariri, wane laifi muka yi? Har na zaɓi ramin da zan jefa cukun. Na tsaya bakinsa, rami ne mai zurfi wanda wataƙila Babana ne ya haƙa shi, na miƙa hannu, na kasa saki. Na yi tunanin shekara talatin ina shimfiɗa masa tabarma ina kallon tabon nan. Na yi tunanin 'ya'ya. Na tsani Ɗelu a wannan lokacin, matar da ta raya ni ta raya shi ba don an biya ta ba, na tsane ta kamar in mutu, kuma na san ba ta yi komai ba sai alheri.

Na hau tudun da ƙullin a hannu. Ina isa gindin tankin saƙonni suka fara shigowa a jere, salular na ta rawa. Ƙanwarsa Farida ta turo hoton akwatuna an sauko da su daga saman sif. Inna Hafsa, wadda ba ta iya rubutu ba, ta turo murya tana cewa in yafe mata, leshin ma ya yi min kyau. Nasa guda tara ne, ban buɗe ko ɗaya ba, sai ga kiransa.

Na ɗauka.

"Zahara'u! Tun ɗazu nike nema, rezonku ba shi da kirki." Ban taɓa jin yana magana da sauri haka ba. "Hajiya ta saurara sau uku, ta yi sujada. Ta ce Allah ya saka ma Ɗelu da ta shayar da marainiya. An aika ma kawunnaina, Juma'ar ga za a sa rana, har goro an sayo. Tsaya ki ji gidanmu."

Ya ɗaga salular. Guɗa ce ke tashi, mata sun cika gidan, wani na buga bokiti, ina jin muryar Hajiya tana dariya tana cewa a yi a hankali. Ni kuma ina tsaye kan dutse, gaba ramuka, baya ramuka, iska na kaɗa min hijabi.

"Kin ji? Zahara'u? Kuka kike?" Ya yi dariya. "Yi abinki, ni ma na yi nawa a mota."

Na zauna a ƙasa. Na ɗora ƙullin cukun a cinya.

"Abdoul Aziz."

"Na'am, amarya."

"Ka shiga ka ce musu su bar guɗar nan. Sannan ka nemi wuri ka zamna, ina da magana."

A bayansa ina jin Farida ta sake rangaɗa wata.